Sharhi Kan Hoton Injin Iska: Ina Ne Ya Kamata Ya Fito Tar?

 

Yau maganar hoto za mu yi, kuma iri ɗaya tak za mu ɗauka: hoton injin iska irin na ƙasar Holan, dogon ginin nan mai fikafikai huɗu da ke tsaye a bakin ruwa, wanda da yawanku kun sha gani a kalandar bango ko a fuskar kwamfuta. A ce wani ƙanenka mai koyon ɗaukar hoto ya samu zuwa can, ya ɗauko, ya miƙo maka ya ce, "Yaya, duba mini, ya fito kuwa?" Da me za ka auna kafin ka ba shi amsa?

Abin da akasarinmu ke yi sananne ne. Mu ɗora yatsu biyu a kan waya, mu zuƙo hoton har inda ya tsaya, da mun ga wani wuri ya yi dishi-dishi sai mu yanke hukunci: bai fito ba. In kuwa gefen komai ya yi kaifi, sai mu ce ma sha Allah, kyamarar nan ta iya aiki. Irin wannan alƙalanci yana damuna ƙwarai, domin sau da yawa yakan kayar da hoton da aka yi da ilimi da haƙuri, ya ɗaga wanda manhaja ta yi wa kwaskwarima. Injin iska kuma yana tona asirin wannan gaggawa fiye da yawancin abubuwan da ake ɗauka, saboda a jiki ɗaya ya haɗa abin da ke tsaye ƙyam da abin da ke gudu.

Bari mu ɗauki wuri guda sananne, wato Kinderdijk, ƙauyen da ke kimanin kilomita 15 gabas da birnin Rotterdam, inda kogin Lek ya haɗu da kogin Noord. Injinan iska 19 ne a wurin. Takwas daga ciki zagayayyu ne, na jan bulo, an gina su a 1738. Wasu takwas ɗin masu kusurwa takwas ne, na katako, an lulluɓe su da jinkar ciyawar fadama, an gina su a 1740. Ba hatsi suke niƙawa ba. Aikinsu shi ne kwashe ruwa daga ƙasa mai kwari su ɗaga shi sama zuwa tafkunan ajiya, daga nan a sake shi cikin kogi, domin kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar Holan yana ƙasa da matakin teku. Yau manyan famfuna na zamani ne ke ɗauke da nauyin aikin, amma ana kula da tsofaffin injinan suna juyawa, kuma hukumar UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 1997. Na kawo wannan bayani ne saboda mutumin da bai san ko da bulo aka yi ginin ko da jinka ba, ba zai gane abin da ya ɓace a hoton ba.

Inda nake fara kai ido shi ne gangar jikin injin, domin ita ba ta motsi, saboda haka ba ta da uzuri. In na bulo ne, ina so in ga layin da ke tsakanin bulo da bulo. In na jinka ne, ina so in ga kwanciyar ciyawar yadda aka jera ta, kada ta zama wani dunƙulen launin toka kawai. Sai ƙananan tagogin nan masu farin fenti a gefe, sai dogayen katakan da suka sauko daga kan injin ta baya, waɗanda mai kula da shi ke amfani da su ya juya kan ya fuskanci iska. In injin ya yi nisa a hoton har bulo ba zai rarrabu ba, to gefen taga da layin rufi sun isa shaida. Muddin waɗannan sun fito garau, mai hoton ya ci rabin jarrabawa, ko da fikafikan sun yi yaya.

To, fikafikan fa? A nan ne ake yawan zaluntar masu hoto, don haka ku ba ni dama in ɗan yi lissafi. Tsawon fikafikan waɗannan injina, daga bakin wannan zuwa bakin na ɗaya gefen, ya kai wajen mita 28. A ce iska na kaɗawa daidai, suna yin zagaye 15 a minti ɗaya. Ke nan zagaye guda yana cin daƙiƙa huɗu, kuma a cikin daƙiƙa huɗun nan bakin fiffike ya ci tafiyar kusan mita 88. Mita 22 ke nan a kowace daƙiƙa, kusan gudun kilomita 80 a awa. Mai kallo daga nesa gani yake abin yana tafiya a natse, alhali bakinsa gudun mota yake yi.

Ita kuma kyamara tana da marfi a ciki da ke buɗewa ya rufe, haske ya shiga a ɗan tsakanin, mu kira shi ƙiftawa. In ƙiftawar ta ɗauki ɗaya bisa 1000 na daƙiƙa, bakin fiffiken nan bai wuce santimita biyu da 'yan kai ba kafin marfi ya rufe, sai ya fito cak kamar an ɗaure shi. In ta ɗauki ɗaya bisa 30, ya gusa sama da santimita 70, sai ka ga ya ja ɗan jela a bayansa, amma har yanzu kana gane siffarsa. In aka bar ta a buɗe daƙiƙa ɗaya cur, kowane fiffike ya ci kwatan zagaye, tun da kuma huɗu ne, sai su haɗe su zama faifai guda mai shara-shara, ana hango sararin sama ta cikinsa. Duk ukun nan hotuna ne ingantattu. Mai hoton ne ke zaɓar wanda yake so, kuma na ukun ya fi na farko wahalar samu nesa ba kusa ba, domin da rana tsaka sai an girke kyamarar a kan ƙafa uku, an kuma ɗaura mata baƙin gilashin da ke rage haske, in ba haka ba hoton zai ƙone ya yi fari fat.

Yaya za ka gane dishi-dishin da gudun fiffike ya jawo, ka bambanta shi da na kuskure? Akwai alama da ba ta ƙarya. Fiffike yana juyawa ne a kan cibiya. Kusa da cibiyar tafiyarsa kaɗan ce, can baki kuwa tafiyar mai yawa ce. Saboda haka dishi-dishin gaskiya yakan fara siriri daga tsakiya, ya yi ta faɗi har baki, kuma a lanƙwashe yake, yana bin da'ira. Wanda ke da fanka a ɗaki ya gwada yau da wayarsa: ya kunna ta a lamba ɗaya, ya ɗauka, zai ga kusa da kan fankar ya fi bakin fikafikan fitowa, silin kuma yana nan garau. Duk hoton injin iska da ka ga haka a cikinsa, gini garau, fiffike yana ƙara bajewa zuwa baki, to kada ka ce bai fito ba. Ya nuna maka cewa a ranar akwai iska kuma injin yana aiki.

Rawar hannu daban take. Ita ba ta zaɓe. Bulo, taga, bishiya, gada, tsuntsun da ke kan shinge, duk sai su ja gefe guda, da tsawo iri ɗaya, wani lokaci ma ka ga kowane layi ya zama biyu. Ka nemi wani ɗan ɗigo mai haske a hoton, kamar ƙyallin rana a gilashin taga. In ya fito ɗigo, hannu bai yi rawa ba. In ya zama ɗan gajeren layi ko ƙugiya, ya yi. Masu hoto suna da wata tsohuwar ƙa'ida a kan wannan: in gilashin kyamararka mai milimita 200 ne, kada ƙiftawarka ta yi jinkirin da ya wuce ɗaya bisa 200 na daƙiƙa matuƙar a hannu kake riƙe da ita. Kyamarorin yanzu suna da na'urar rage girgiza da ke sassauta ƙa'idar, amma ba ta soke ta ba. A wuri irin Kinderdijk kuma akwai ƙarin matsala: fili ne fetal, babu abin da ke tare iska, kuma iskar da ke juya fikafikan ita ce ke kaɗa mai hoton da kyamararsa. Ko a kan ƙafa uku take, in maɗaurin kyamarar yana lilo yana bugun ta, za ka ga alamar a hoto.

Akwai kuma kuskuren saiti, wanda shi ne ya fi yawa a hotunan masu koyo. Bakin magudanan ruwan wurin cike yake da dogayen ciyayi, kuma mai hoto yakan so ya sa su a gaba don su ƙawata hoton. Kyamara kuwa, in an bar ta ta zaɓa da kanta, takan kama abin da ya fi kusa da ita. Sai ka ga kowane karan ciyawa ya fito tar, injin da aka yi tafiyar dominsa yana can baya buji-buji. Gane wannan ba wuya: ka nemi wurin da ya fi ko'ina kaifi a hoton, ka tambayi kanka ko nan ne mai hoton ke so a kalla. Wani lokaci da gangan ne, ciyawar ko furen ne abin nufi, injin kuma rakiya ya yi. In haka ne, dishi-dishin bayan yakan yi yawa ƙwarai yadda ba za a yi shakka ba. Abin da ke nuna kuskure shi ne rabi da rabi, injin bai fito ba kuma bai ɓace ba.

Maganin da akan ba masu koyo shi ne su tsuke ƙofar haske ta gilashin, domin in ta tsuke, na kusa da na nesa duk sukan shigo saiti. Gaskiya ne, amma da iyaka. Daga wajen f/8 zuwa f/11 yawancin gilasai suka fi bayar da kaifi a kyamarorin da aka saba riƙewa. In aka matse har f/22, haske yakan tarwatse yayin da yake kutsawa ta ƙaramar kafa, sai hoton gaba ɗaya ya yi laushi, ko'ina daidai wa daida, babu inda ya lalace sosai kuma babu inda ya yi tar. Mai alƙalanci da ya ga irin wannan laushin sai ya duba bayanan da kyamara ke ajiyewa a jikin hoton. Tsawon ƙiftawa, faɗin ƙofar haske, lambar ISO ta ƙarfin karɓar haske, duk suna nan a rubuce, kuma duba su ya fi zato.

Wani laushin kuma babu hannun mai hoto a ciki ko kaɗan, na sararin Allah ne. Holan ƙasa ce mai damshi, da asuba raɓa da hazo kan kwanta a kan ruwa. In an jera injina biyar a hoto ɗaya, na farko zai fito da launinsa sosai, na biyu ya ɗan kwanta, na biyar ya zama inuwa mai launin toka. Wannan shi ke ba hoton zurfi, shi ke sa ido ya san akwai nisa, kuma masu hoto sukan yi sammako musamman don su same shi. Mu nan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Wanda ya je Lambar Rimi a jihar Katsina, inda aka kafa injinan iska na samar da lantarki, ya ɗauke su daga nesa a tsakiyar hunturu, ƙurar hazo za ta cinye masa kaifi ko da kyamarar miliyoyi ce a hannunsa. In kuma da bazara ne da rana tsaka, zafin da ke tashi daga ƙasa yakan sa dogon ƙarfen ya fito kamar yana kaɗawa, gefensa ya lallanƙwashe. Alamar laushin sarari ita ce yana ƙaruwa da nisa, abin da ke kusa kuma lafiya lau yake.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, wato kaifin ƙarya. Manhajojin gyaran hoto, da ita kanta wayar tun kafin ta nuna maka abin da ta ɗauka, suna da dabarar sa hoto ya yi kamar ya fito. Duk inda duhu ya haɗu da haske, sai su ƙara wa gefen duhun duhu, su ƙara wa gefen hasken haske. In an yi shi daidai gwargwado babu laifi, kusan kowane hoto na zamani yana buƙatar ɗan kaɗan. In aka zarce, sai wani farin zare ya bi gefen komai. Fiffiken injin iska kuwa saƙar katako ce, sandunan tsaye da na kwance masu yawa, sararin sama yana leƙowa ta kowace kafa, don haka babu inda farin zaren nan ke bayyana ɓaro-ɓaro kamar nan. Ka zuƙo kan fiffiken ka duba. In kowane sanda yana da farin kewaye, in layin rufin yana ƙyalli kamar an zana shi da alli, to kaifin shafa shi aka yi daga baya. A nan ne kuma za ka ga wani aibin na gilashi mai araha, inda gefen sandunan ke yin shunayya ko kore a gaban farin gajimare.

Jinka ita ma shaida ce. Waya takan goge tsakin da ƙarancin haske ke jawowa, sai ta haɗa da ƙananan layukan ciyawar ta goge, ta bar wani abu sumul kamar an shafe shi da fenti, sannan ta zo ta kaifafa gefen ginin. Daga nesa hoton yana ɗaukar ido. Da ka matso, babu komai a ciki. Ni kam na fi son hoto mai ɗan tsaki-tsaki wanda ciyawarsa ke nan, a kan mai santsi wanda aka share masa ita. Wata matsalar ta wayoyi kuma: da yawansu hotuna da dama suke ɗauka a jere cikin ƙiftawar ido su haɗe su zama ɗaya, musamman da magariba. Gini ba ya motsi, sai ya haɗu lafiya. Fiffike kuwa ya riga ya gusa, sai ka ga yana da fatalwa a gefensa, ko ya karye a tsakiya. Wannan aibi ne na gaske, kuma ya kamata a faɗa wa mai hoton.

Kafin dai ka yanke kowane hukunci, ɗan'uwa, ka tabbata hoton da ke gabanka shi ne na asali. Hoton da aka turo ta WhatsApp yadda aka saba, an rage masa girma an kuma matse shi, wanda aka sa a Facebook ma haka. Sararin sama yakan yi tsani-tsani maimakon ya sauya launi a hankali, kewayen fikafikan kuma ya cika da 'yan ƙananan murabba'ai. Ba adalci ba ne a ɗora wa mai hoto laifin abin da hanya ta ɓata. Ka ce ya turo maka shi a matsayin fayil, yadda ba za a taɓa shi ba.

Sannan ka tambayi girman da za a kalle shi. Kyamara mai megafiksel 24 tana ba da hoto mai ɗigo 6000 a faɗi, 4000 a tsaye. In za a wanke shi da ingancin da ake buga mujalla, ɗigo 300 a kowane inci, zai ba da faɗin inci 20, wato rabin mita da ɗoriya. Amma in ka zuƙo shi a kwamfuta har kowane ɗigo ya hau ɗigon allo, to kana duban hoton da faɗinsa ya kai mita ɗaya da rabi ne, kuma fuskarka tana dab da shi. Babu mai kallon hoton bango haka. Zuƙowa tana da amfani wajen gano musabbabin aibi, shi ya sa na yi ta cewa a zuƙo a duba taga, a duba fiffike. Hukuncin ko aibin ya kai a damu da shi kuwa, sai an koma girman da za a yi amfani da hoton.

Haske ma yana cikin ingancin aiki, ko da yake ba zan daɗe a kansa ba. Ginin duhu ne, sama kuma haske, kyamara ba ta iya ɗaukar duka biyun yadda ido ke yi. In gajimare ya ƙone ya zama farin da babu komai a cikinsa, ba ya gyaruwa. In ginin ya yi baƙi ƙirin a hoton faɗuwar rana, wannan karɓaɓɓe ne, sai dai a lokacin duk nauyin ya koma kan gefen siffar, dole layinta da saƙar fikafikan su fito tsaf.

Batun karkata yana da ɗan tarko. Injin iska yana da faɗi a ƙasa, yana tsukewa zuwa sama, saboda haka bangonsa ba ma'auni ba ne. Fikafikan ma ba a miƙe sak suke ba, domin sandar da ke riƙe da su an ɗan ɗaga bakinta sama, sai suka jingina baya kaɗan. Ruwa shi ne ma'auni. Inuwar abu a ruwa mai kwanciya tana faɗuwa ne daidai ƙarƙashinsa. Ka ja layi daga ƙololuwar injin zuwa ƙololuwar inuwarsa. In layin ya miƙe tsaye, hoton daidai yake. In ya kauce, kyamarar ce ta karkata, kuma gyaran minti ɗaya ne.

Muhawara kan kaifi da laushi a hoto kuwa ta girmi kowa a cikinmu. Peter Henry Emerson, likita ɗan Ingila da aka haifa a Kuba a 1856, ya ajiye aikin likita ya koma ɗaukar hotunan mutanen fadamun Norfolk a gabashin Ingila, yankin da shi ma yake da injinan iska na janye ruwa. A littafin da ya fitar a 1889 ya kafe a kan cewa idon mutum wuri ɗaya yake gani sosai a lokaci guda, saboda haka hoto ma abin nufi kaɗai ya kamata ya fito, sauran su kwanta. A 1932 kuma wasu masu hoto a Kalifoniya ta Amurka, cikinsu har da Ansel Adams da Edward Weston da Imogen Cunningham, suka kafa ƙungiyar da suka kira f/64, da sunan wata 'yar mitsitsiyar ƙofar haske, suna son komai ya fito tar daga gaba har baya. Su manyan kyamarori suke amfani da su, masu faranti mai faɗin inci 8 da 10, shi ya sa matsewar ba ta cutar da su yadda za ta cutar da ƙaramar kyamara. Kowane ɓangare ya bar hotunan da har yau ake zuwa kallo a gidajen tarihi. Abin da ya haɗa su shi ne kowannensu ya san abin da yake nema tun kafin ya danna, kuma wannan niyyar ce mai alƙalanci zai nema a hoton da aka miƙo masa.

Bari mu dawo kan injin iska, wanda ke tsaye an taka masa birki. A nan fikafikan ba su da uzurin gudu, dole su fito kamar yadda ginin ya fito, har igiyoyi da tamfol ɗin da aka naɗe a jikinsu. Akwai kuma dalilin da ya sa wannan ke da muhimmanci. A al'adar masu kula da injina a Holan, yadda aka tsayar da fikafikan saƙo ne ga maƙwabta. In ɗaya ya miƙe sama sak, hutu ne na ɗan lokaci. In an gicciye su, hutun mai tsawo ne. In aka tsayar da fiffike dab da zai kai ƙololuwa, ko jim kaɗan bayan ya wuce ta, ɗaya alamar farin ciki ce kamar haihuwa ko aure, ɗayar kuma ta makoki, kuma wace ce wace yakan bambanta daga yanki zuwa yanki. UNESCO ta sa wannan sana'a ta kula da injina cikin al'adun duniya da ake karewa a 2017. Ka ga ke nan mai hoton da ya karkatar da kyamararsa, ko ya yanke bakin fiffike a gefen hoto, yana iya ɓata saƙon da mutanen wurin za su karanta da kallo ɗaya.

Saboda haka in ƙanenka ya miƙo maka hoton, kada ka tsaya a "bai fito ba", domin kalmar ba ta koya masa komai, sai dai ta karya masa gwiwa. Ka ce masa, "Ginin ya fito, amma dubi tagar nan, ta zama biyu, hannunka ya motsa, gobe ka jingina da wani abu ko ka ƙara saurin ƙiftawa." Ko ka ce, "Saitinka ya faɗa kan ciyawa." Ko kuma, "Ka rage kaifin da ka ƙara, dubi farin zaren da ya bi fiffiken." Ka kuma tambaye shi me za a yi da hoton. In na masu gyaran gini ne da ke son ganin inda katako ya ruɓe, to komai ya tsaya cak, ya fito har ƙusa. In na bango ne ko na mujalla, kuma injin yana aiki a lokacin da aka ɗauka, ni ra'ayina a bar fikafikan su ja jela kaɗan, wajen ɗaya bisa 15 zuwa ɗaya bisa 30 na daƙiƙa, a kan ƙafa uku, bulo da jinka suna garau. Wanda ke da niyyar zuwa ya gwada, a ƙarshen mako na biyu na watan Mayu ake ranar injinan iska ta ƙasa a Holan, ɗaruruwansu sukan buɗe ƙofa ga baƙi, kuma in an samu iska, suna juyawa.